Raddi Ga Masu Cewa Ba a Taɓa Yin Annabi Isa Ba

Maganar da ke yawo a wayoyin matasanmu ita ce wai ba a taɓa yin wani mutum mai suna Yesu ba. Wai labarin gunkin Masar mai suna Horus aka ɗebo, aka gauraya da na Mitra, aka rataya wa wani Bayahude da ko haifarsa ba a yi ba. Wai babu marubucin zamaninsa ko ɗaya da ya ambace shi. Wai Sarki Kustantin ne ya ƙera addinin a taron Nikiya a shekarar 325 don ya mallake talakawa. Uwar wannan magana wani fim ne mai suna Zeitgeist da wani Ba'amurke, Peter Joseph, ya fitar a 2007. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne da yawa daga masu tura ta Musulmi ne. Suna ganin sun samo sandar dukan maƙwabtansu Kirista, sun manta cewa wanda ake ƙoƙarin shafewa ɗin Isa ɗan Maryama ne, alaihissalam, wanda imanin Musulmi ba ya cika sai da shi. Zan ajiye hujjar wahayi a gefe, tunda masu da'awar na asali ba su yarda da wahayi ba. Tarihi suka ce, to a tarihin zan same su, kuma zan kawo hujjojinsu yadda suka faɗe su.

Mu fara da Horus, domin a kansa suka ɗora ginin duka. Fim ɗin ya jero cewa an haife shi ranar 25 ga Disamba, uwarsa budurwa ce, tauraro ya fito a gabas, sarakuna uku sun zo gaisuwa, ya fara koyarwa yana ɗan shekara 12, wani Anup ya yi masa baftisma yana da 30, yana da almajirai 12, an gicciye shi, bayan kwana uku ya tashi. Wanda bai san Masar ba idan ya ji wannan jeri dole gabansa ya faɗi. Amma ɗalibin hadisi na ajin farko ya san tambayar da ake yi: wa ya faɗa maka, shi kuma daga wa ya ji? A jikin wane bango aka rubuta wannan, ko a wace takarda?

Masarawan zamanin da ba su yi rowar rubutu ba. Tun daga dalar Sarki Unas da ke Saƙƙara, kimanin shekara 2,350 kafin miladiyya, suke sassaƙa addu'o'insu da labarin gumakansu a jikin dutse, suka cika kaburbura da ɗakunan bauta da akwatunan gawa. Tun da Champollion ya buɗe sirrin rubutun nasu a 1822 ake karantawa ana fassarawa. Labarin Horus yana nan ba a ɓoye ba. Ubansa Osiris ne, uwarsa Isis, kuma mata da miji ne. Set, ɗan'uwan Osiris, ya kashe shi saboda sarauta. Bagirken nan Plutark, wanda ya rubuta labarin wajen shekara ta 100 miladiyya, ya ce gunduwa-gunduwa aka yi da gawar har kashi 14 aka warwatsa a ƙasar. Isis ta bi ta tattaro, ta yi tsafinta, ta ɗauki ciki daga gawar mijinta. Wanda ya je ɗakin bautar Sarki Seti na Ɗaya a Abidos zai ga hoton a bango: Osiris kwance a kan gado, Isis a siffar shirwa ta sauka a kansa. Ba sai na ƙara bayani ba, akwai yara masu karatu. Matar aure ce ta sami ciki daga mijinta, ko da matacce ne. Ta ina budurci ya shigo? Kuma da wane ido mutum zai dubi wannan hoto ya ce shi ne asalin labarin Nana Maryama?

Gicciyewar fa? Babu ita. Horus ya girma a ɓoye cikin fadamun arewacin Masar don kada Set ya same shi. Yana yaro dafin kunama ya kwantar da shi, uwarsa ta yi kururuwa, gunki Tot ya sauko ya yi masa magani. Wannan yana rubuce a jikin allon dutsen da ake kira na Metternich, wanda aka sassaƙa a ƙarni na huɗu kafin miladiyya, yanzu yana gidan tarihi na Metropolitan a New York. Da ya girma ya yi shekara 80 yana rigimar gadon sarauta da Set, har ya samu rauni a ido, daga ƙarshe ya hau karaga. Harbin kunama ne aka mayar gicciye? Almajirai 12 kuma babu su a ko'ina. Abin da aka sani 'ya'yan Horus ne guda huɗu, waɗanda ake ɗora kawunansu a kan tulunan da ake adana kayan cikin mamaci. Anup kuwa Anubis ne, mai kan dila, wanda aikinsa gyaran gawa da rakiyar matattu. Babu nassin Masar da ya nuna shi tsaye a kogi yana yi wa wani baftisma.

Batun 25 ga Disamba ya fi kowanne nuna jahilci. Shekarar Masarawa wata 12 ce, kowane kwana 30, sai a ƙara kwana biyar a ƙarshe, 365 ke nan cif, ba sa ƙara kwana a shekara ta huɗu. Saboda haka kalandarsu takan zame da kwana guda duk shekara huɗu, ranar da ta faɗo a hunturu yau, bayan wasu ƙarnoni a bazara za ta faɗo. Ba yadda za a yi a kafe wata ranar Masar a kan wata ranar Disamba ta Rumawa. Ban da haka ma, babu ɗaya daga cikin Linjilu huɗu da ya ce a Disamba aka haifi Yesu. Shaida mafi tsufa ta bikin Kirsimeti a wannan rana a wani kundin kalandar birnin Rum take, na shekarar 354, wanda jerin da ke cikinsa ya koma 336. Cocin Armeniya har gobe 6 ga Janairu take yin nata. Shekara 300 bayan mutum aka zaɓa masa ranar biki, sai a ce wannan ya nuna ba a haife shi ba? Sarakuna ukun ma haka. Linjilar Matiyu ce kaɗai ta kawo zuwan masanan gabas, ba ta ce sarakuna ne ba, ba ta ce su uku ne ba. Kyaututtukan ne iri uku. Wato sun ƙaga wa Horus abin da ko a Linjilar babu shi, sannan suka ce Linjila ta sata daga Horus.

To daga ina jerin ya fito? Mu bi isnadin. Mai fim ya dogara da wata Ba'amurkiya, D. M. Murdock, mai rubutu da sunan Acharya S, wadda ta fitar da littafinta a 1999. Ita kuma ta kwaso daga Gerald Massey, mawaƙin Ingila da ya rasu a 1907, wanda ya koya wa kansa abin da ya koya game da Masar, yana duban hoton bango ya rataya masa ma'anar da ransa ke so. Ta kwaso kuma daga Kersey Graves, wanda a 1875 ya rubuta littafi kan wai masu ceto 16 da aka gicciye, ba tare da ya nuna inda ya samo ba. Idan aka ƙara ja baya sai a iske Faransawa biyu, Volney a 1791 da Dupuis a 1795, masu cewa addinai duk bautar rana ce. Ku duba shekarun. Sun yanke hukunci a kan addinin Masar kusan shekara 30 kafin a sami mutum ɗaya a duniya mai iya karanta rubutun Masar! Nan isnadin ya yanke. Bai kai Abidos ba, bai kai Saƙƙara ba, a Faransa ya tsaya. Malaman hadisi suna da suna ga irin wannan ruwaya, maudu'i, kuma ba sa ɓata lokaci a kan mataninta.

Akwai kuma abin da ba su taɓa tsayawa suka tambayi kansu ba: su wane ne mabiyan Yesu na farko? Yahudawa ne na Galili da Yahudiya, mutanen da ƙin gunki ya shiga jininsu. Josefus, marubucin tarihin Yahudawa, ya ba da labarin yadda gwamna Bilatus ya shigo da tutocin soja masu hoton Kaisar cikin birnin Ƙudus da dare. Jama'a suka ɗunguma zuwa Kaisariya, suka zube a ƙofar gidansa kwana biyar. Ya sa soja suka kewaye su da takubba a zare, sai suka miƙa wuyansu suka ce gara a yanka su da a keta Attaura. Bilatus ne ya janye. Irin waɗannan mutane ne za su je su ari gunki mai kan shaho irin Horus su ce shi ne Almasihun da annabawansu suka yi bushara da shi?

Mitra ba zai ɗauke mu lokaci ba. A hotunan masu bauta masa daga cikin dutse yake fitowa, riƙe da wuƙa da tocila ta wuta, ba uwa ba uba. Aikinsa da aka sani yanka bijimi, ba a taɓa nuna ya mutu ba balle ya tashi. Mabiyansa na Rum ba su bar littafi ba, kuma ɗakunan bautarsu sun fara bayyana ne a ƙarshen ƙarni na farko, bayan Bulus, mai wa'azin Kiristanci, ya gama rubuta wasiƙunsa.

Hujja ta biyu ita ce shirun marubuta. Sukan jero sunaye sama da 40, jerin da wani John Remsburg ya haɗa a 1909, su ce duk waɗannan ba su ambace shi ba. Wane ne ya buɗe jerin ya duba? A ciki akwai Kolumela, wanda ya rubuta littafi kan noma da kiwo. Akwai Kwintiliyan, malamin balaga. Akwai Kurtiyus, mai tarihin Iskandar na Makidoniya, wanda ya mutu shekara 300 da wani abu kafin lokacin. Akwai masu waƙe da masu tatsuniya. Me zai kai mai koyar da dashen inabi a Italiya ga labarin wani mai wa'azi a ƙauyukan Galili? Har Josefus da Tasitus suna cikin jerin, alhali su biyun sun ambace shi. Bilatus kansa, wanda ya riƙe lardin shekara goma, daga 26 zuwa 36, ba takardar ofishinsa ko ɗaya da ta tsira. Abin da ƙasa ta ajiye mana nasa 'yan kuɗin tagulla ne da wani dutse da aka tono a Kaisariya a 1961 mai ɗauke da sunansa. Idan gwamna mai soja da hatimi wannan ne rabonsa, me ake jira daga talakan da bai riƙe sarauta ba? Filo na Iskandariya, marubucin Bayahude na zamanin, bai ambaci Yesu ba, gaskiya ne. Bai kuma ambaci Annabi Yahaya ba, wanda Josefus ya ba da labarin kisansa.

A nan nake kira ga ɗan'uwana Musulmi da ya yi hattara. Wannan ma'auni na cewa sai an kawo takardar hukuma ta shekarar da mutum ya rayu, shi ne dai wani Robert Spencer ya ɗauka a 2012 ya rubuta littafi yana tambaya wai ko an yi Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wa sallam, yana fakewa da cewa Ibn Ishaƙ ya rasu sama da shekara 130 bayan wafati. Mun ga rashin hankalin wannan, kuma masana tarihi waɗanda ba Musulmi ba ma sun yi watsi da shi. Kada mu ƙi ma'auni idan an auna mu da shi, mu kuma ɗauke shi mu auna wani.

Sai Josefus. Sukan ce da murya mai ƙarfi an tabbatar jabu ne. Rabin gaskiya suka faɗa. Josefus Bayahude ne daga gidan limamai, an haife shi a Ƙudus a shekara ta 37, ya kammala babban tarihin Yahudawa wajen 93. A juzu'i na 18 akwai sakin layi kan Yesu wanda a cikinsa akwai kalmomin da Bayahude ba zai rubuta ba, kamar shaidar cewa shi ne Almasihu. Origen, malamin Kirista na ƙarni na uku, ya faɗa a sarari cewa Josefus bai yarda da hakan ba. Don haka wani mai kwafi ya sa hannu. Mu da muka karanta musɗalahul hadisi mun san mudraj, inda maganar mai ruwaya take kutsawa cikin matani. Ana tsame kutsen ne a bar asalin, kuma haka mafi yawan masana Josefus suke yi da wannan wuri, Yahudawansu da Kiristansu da marasa addininsu. Akwai ma wata ruwayar sakin layin da Larabci a littafin Agabiyus, bishop na Manbij a ƙarni na goma, wadda Shlomo Pines ya jawo hankali gare ta a 1971, kuma ba ta da waccan zuzutawa.

Mu ɗauka ma an jefar da juzu'i na 18 gaba ɗaya. Juzu'i na 20 fa, wanda fim ɗin ya tsallake? A shekara ta 62 gwamna Festus ya mutu, magajinsa Albinus yana hanya. Babban limami Ananus ya ga gari ba mai tsawatawa, ya tara majalisa, ya sa aka jefe wani Yakubu da wasu mutane. Don a gane wane Yakubu ne cikin masu sunan da yawa, Josefus ya ce ɗan'uwan Yesu ne wanda ake kira Almasihu. Mutanen gari suka kai ƙara, aka tuɓe Ananus bayan wata uku kacal a kan muƙami. Labarin tuɓe limami ne, sunan Yesu ya shigo ne don bambancewa kawai. Josefus a lokacin saurayi ne ɗan shekara 25, ɗan garin, ɗan gidan limaman. Gunkin tatsuniya ba ya da ɗan'uwan da ake jefewa a Ƙudus a gaban mutanen da suka san danginsa.

Wannan Yakubu shi ne kuma Bulus ya ce ya gani da idonsa. A wasiƙarsa ga Galatiyawa, wadda har masu tsananin suka sun yarda tasa ce, kuma an rubuta ta wajen shekarun 50, ya ce ya je Ƙudus ya zauna kwana 15 wurin Bitrus, almajirin Yesu, ya kuma ga Yakubu ɗan'uwan Yesu. Muna da saɓani mai zurfi da Bulus a kan abin da ya koyar, kuma ba yau aka fara ba. Amma a nan shaida yake bayarwa kan mutanen da yake jayayya da su, har ya ce ya tsaya wa Bitrus ido da ido a Antakiya. Bayahude da bai yi imani ba da Bayahude da ya yi imani, ba wanda ya kwafi wani, sun haɗu a kan mutum guda.

Tasitus ɗan majalisar Rum ne, ya rubuta wajen 116 yana ba da labarin gobarar Rum ta 64 da yadda Sarki Niro ya ɗora wa Kirista laifi. Ya ce sunansu ya samo asali daga Kristus, wanda Bilatus ya zartar wa hukuncin kisa a zamanin Sarki Tibariyus. Ya zagi addinin, ya kira shi mugun camfi. Babu Kiristan da zai ƙaga wa kansa wannan zagi. Na san mai karatu Musulmi zai tsaya a kan kalmar kisa. Aƙidarmu ita ce Allah ya tsare shi, kuma Alƙur'ani da kansa ya ba da labarin cewa akwai masu iƙirarin sun kashe shi. Abin da mutane suka ɗauka ya faru shi Tasitus ya rubuta. Mai cewa an gicciye shi da mai cewa an ɗauke shi sun saɓa a kan ƙarshen rayuwar mutumin da dukansu suka tabbatar ya rayu. Maƙiyansa na farko ma haka. Selsus, wanda ya rubuta littafi guda na sukar Kiristanci wajen 178, ya kira shi matsafi, ya yi wa mahaifiyarsa ƙazafin da ba zan maimaita ba. Da akwai ƙofar cewa ba a yi shi ba, da ta nan zai shiga ya huta.

Batun Kustantin kuwa lissafi kawai yake buƙata. Wajen 112 Pliny Ƙarami, gwamnan Bitiniya, ya rubuta wa Sarki Tarajan yana neman shawara kan yadda zai yi da Kirista, har ya ce ya azabtar da bayi mata biyu masu hidima a cikinsu don ya ji abin da suke yi. Iraniyus, malamin Kirista, ya yi maganar Linjilu huɗu wajen 180. An tono wani gida da aka mayar coci a Dura-Europos ta ƙasar Siriya, garin da aka rushe wajen 256. Sarki Diyokletiyan ya sa an ƙone littattafansu a 303. Duk kafin Nikiya. Babban abin da aka yi a taron shi ne rigimar wani limamin coci, Ariyus, kan matsayin Yesu a wurin Allah, kuma ɓangarorin biyu babu mai shakkar an haife shi.

Sukan ce Nazarat, garin da Yesu ya girma, ma babu ita a lokacin. A 2009 hukumar kula da kayan tarihi ta Isra'ila ta sanar da tono wani gida na farkon zamanin Rumawa a tsakiyar garin, ga kuma kaburbura da rumbunan ƙasa da aka daɗe da sani. Ƙauye ne ƙarami, shi ya sa ba a damu da rubuta sunansa ba.

Bart Ehrman, wanda ya bar Kiristanci ya kuma shafe shekaru yana fallasa saɓanin kwafe-kwafen Linjila, ya rubuta littafi a 2012 yana tabbatar da cewa an yi Yesu. Richard Carrier, ɗaya daga cikin 'yan tsirarun masu digirin tarihi da ke musun, shi kansa ya gargaɗi mutanensa su daina dogara da Graves.

Saura cewa almajirai 12 wai buruji 12 ne na sama. Ƙabilun Bani Isra'ila 12 ne, 'ya'yan Annabi Yaƙub, kuma duk Bayahuden da ya ga mai wa'azi ya zaɓi mutum 12 ya san abin da yake nufi.